Karnukan Afaf a Igiya Ɗaya

A bakin tekun Iskandariya, kusa da mai gasa masara, karnuka biyu suka jawo Afaf har gaban wani tsoho da ke zaune a benci, igiya ta nannaɗe mata ƙafa.

"Sannu, baiwar Allah," in ji tsohon. "Su suka fito da ke shan iska?"

"A'a, Baba, rawa muke koyo. Ka tafa mana."

"Wannan ya nufi gabas, wancan yamma, kin ɗaure su a igiya ɗaya. Wa ya ba ki wannan hikimar?"

"Ƙaramar tawa ce, babban na wanda zan aura ne. Saura sati biyu mu tare. Jiya ta ciji kunnen karen nasa, sai mai shi ya ce in ba su shirya ba, in zaɓa: ko shi ko ita."

"Madalla da namijin duniya! Ji nan, shekara talatin ina horar da karnuka. Ki fara fita da kowanne shi kaɗai. Wanda ya ja, ki tsaya cak har ya dawo gefenki. Daga baya ki haɗa su, kowa da igiyarsa, ke a tsakiya."

"Ashe da gwani nake magana! A gida ma haka kake yi?"

"Sosai. Matata ta ja, na tsaya cak."

"Ta dawo gefenka?"

Tsohon ya sunkuya yana sosa wuyan babban karen.

"Shekara shida ke nan ina tsaye."