Ku Ce Masa Sannu da Aiki

Shugaban wannan taro Alhaji Hamidu, uban direbobin tashar Tsafe, Malam Liman, baƙonmu Malam Samuel, jami'in gyaran hali da ya taso daga Gusau, direbobi da 'yan kamasho, 'yan'uwana masu tuwo da masu fura, assalamu alaikum. Ina godiya da kuka ba tsohuwa Saude, mai abincin bakin ƙofa, damar magana. Yau ba ludayi a hannuna, kowa ya kwantar da hankalinsa.

Na farko, zamani ya juya. Da muka tashi, wanda ya yi laifi sai a ce an tafi da shi gidan yari, a rufe ƙofa, a rufe zancensa. Yanzu gidan ma sunansa gidan gyaran hali, kuma mai ƙaramin laifi alƙali kan bar shi cikin jama'a ya yi musu aiki. Da, a ɓoye ake horo. Yanzu a gabanmu ake yi. Ke nan mu ne katangar, mu ne gandirobobin.

Na biyu, ɗanmu Shu'aibu kwandasta. Kun san ya yi faɗa, ya fasa gilashin motar mutane, kotu ta ɗora masa sharar wannan tasha. Laifi ya yi, ba na wanke shi. Amma tun da ya ɗauki tsintsiya, wasu na kiransa amarya, wasu na watsa ɓawon gyaɗa inda ya gama sharewa. Buba, ka daina sunkuyar da kai, a rumfata ka sayi gyaɗar!

Shekaranjiya ya zauna a bencina, ya kasa cin tuwo. Ya ce, "Inna Saude, gara a kai ni Gusau a kulle. Can babu wanda ya san uwata." Wallahi sai da na yi hawaye. In ya ajiye tsintsiyar nan, Gusau ɗin za a kai shi, ga mahaifiyarsa a Kucheri ba ta gani, shi kaɗai ke kai mata hatsi.

Na uku, roƙo. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Mu mutane ne da ba ma wuce mai noma, ba ma wuce mai daka, ba ma wuce ko mai haƙar kabari, sai mun ce sannu da aiki. Yaron nan kullum da safe yana share inda kuke taka ƙafa, har yau babu bakin da ya gaishe shi. Gobe in kun shigo, ku tsaya, ku dube shi, ku faɗa masa, kuma ku faɗa da gaske.

Shu'aibu, na hango ka bayan motar Bungudu. Ɗago kanka, ɗana. Sannu da aiki.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya tsare hanyoyinmu, Ya zaunar da Zamfara lafiya, Ya mai da kowa gida cikin aminci. Na gode.