Labaran Filifin Kafin Awon Jini

Da hantsi, ana yayyafi, Zarah na jiran likita a unguwar Lewisham da ke Landan. Wani dattijo a gefenta yana kallon labaran ƙasar Filifin a waya.

"Baba, kana jin yarensu?"

"Ko kalma ɗaya. Likita ya hana ni labaran gida saboda hawan jini. Waɗannan kuwa 'yan jaridar kirki ne, ba su taɓa ɓata mini rai ba."

"Abokiyar aikina 'yar can ce, ta ce su ma ana takura musu idan..."

"'Yar nan, rufa mini asiri! Yanzu za a auna ni."

Sai fassarar Turanci ta fito a ƙasan allon. Zarah ta sa yatsa ta rufe.

Dattijo ya gyaɗa kai. "Kin gani? Aikinsu tsaf!"