Wanzami Ya San Hannunsa

A tashar Ƙaura Namoda, shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, tsoho Maitama wanzami na jiran motar Shinkafi ta cika, zabirar askarsa bisa cinya. Saurayin da ke gefensa sai juya wata takardar asibiti yake yi.

"Samari, lafiya dai?"

"Karatun likita nake a Sakkwato, Baba. Kafin a bar mu mu taɓa majinyata, sai an auna jininmu, a yi muna rigakafin ciwon hanta. Abokaina duk an yi musu allurar. Ni an ce ba ta da amfani gare ni, cutar na jikina."

"Kai? Ga ka garau kamar ingarma!"

"Haka take. Sai ta kwanta shekara ashirin cikin jini, ba zazzaɓi, ba ciwon kai."

"Ikon Allah! Su hango abin da mai jikin bai ji ba? To, ina ka samo ta?"

"Wataƙila tun ina jinjiri. Aska ta taɓa jinin mai cutar, ta taɓa naka, shi ke nan."

"Ko an goge ta da tsumma?"

"Ko an goge ta."

Maitama ya daɗe yana kallon tsagar da ke kumatun saurayin.

"Ɗan Badarawa ne kai?"

"Yaya aka yi ka sani, Baba?"

"Kowane wanzami ya san hannunsa." Ya dafe zabirar da hannu biyu. "Jibi ina da suna gida uku, ɗana. Don Allah, yaya ake wanke aska?"