Ƙwallo Ɗaya Tak ta Armel

A kasuwar garin Béthune, wani dattijo mai ɗingishi ya nuna wa wata mai sayar da cuku hoton ɗan ƙwallon da ke rumfarta.

"Madam, duk gwanayen ƙwallo, sai ɗan baya kika rataye?"

"Iya bakinka, Malam, Armel Dubrulle ne. Saurayina ya rantse ba zai aure ni ba sai ranar da Armel ya ci ƙwallo. Shekara tara ina bin filin wasa da addu'a. Rannan Armel ya sa mata kai, sai raga."

"Wane kai, Madam? Kaucewa nake yi, ta buge ni a ƙeya."

Ta dube shi, ta dubi hoton, ta miƙo masa cuku mafi girma.

"Rufa mana asiri, ga mijina can. Jikokinmu shida."