Madarar da Wa'adinta Ya Wuce

A cikin adaidaita daga Gyadi-Gyadi zuwa Tarauni, Ummukulthum na rungume da jaririnta, sai dattijon da ke gefen direba ya juyo.

"Hajiya, kin ga zalunci? Duba-gari sun garƙame min shago kan madarar jarirai. Wata biyu kacal fa ta wuce!"

"Ikon Allah. Ya aka yi suka gane, Alhaji?"

"Abin da ya ɗaure min kai ke nan. Na kankare kwanan watan jikin kwalin tsaf."

"Ka manta da na ledar ciki. Shi na kai musu, bayan ɗan nan nawa ya yi kwana uku yana gudawa." Ta gyara wa jaririn hula. "Direba, sauke ni a sakatariya. Yau har da sabuwar shaida zan shiga."