Ƙasar da Kawu Mainasara Ya Shinshina

Assalamu alaikum. Shugaban wannan zama, Kawu Hajj Mainasara, Malam Liman, iyayenmu mata, musamman Hajja Laraba da take hararata tun ban buɗe baki ba, jama'ar unguwar Umbadda da baƙinmu na unguwar Hajj Yusuf, ina gaishe ku gaisuwar girma.

Na gode da kuka ba ni magana, ni Haliru, alhali kun san halina.

Abin da ya tara mu ɗaya ne, gonar ƙungiyarmu ta Kurdufan. Wani ɗan kasuwa ya ce, ta bakin Kawu, mu sare itatuwan dakwara, mu haƙura da ƙaro, mu shuka riɗi zalla, shi zai kwashe zuwa Bur Sudan. Yau za a ɗaga hannu.

Na farko, bari in amsa laifina. Ranar Juma'a na kai wa Kawu ƙasa ƙulli biyu, na ce Hajja za ta dasa na'ana'a, wacce ta fi? Ya murza ta farko, ya shinshina, ya ce, "Wannan ita ce ƙasa, ya waladi, ɗana." Ya murza ta biyu, ya kakkaɓe hannu, ya ce, "Wannan kai wa magina." Kawu, ka yafe mini, babu wata na'ana'a. Ta farkon daga gindin dakwararmu na ɗebo ta. Ta biyun ta maƙwabcinmu ce, wanda ya sare nasa itatuwan shekara shida da suka wuce, ya yi ta bin riɗi da riɗi.

Na biyu, ni allo kaɗai na riƙe, ban san takardun masana ba. Amma na san iyayenmu sun tsufa a gonakin audugar Jazira. Auduga ta hau jirgin ruwa ta tafi, su suka dawo da ciwon baya. Riɗi ma zai tafi, ɗan kasuwa zai tafi, iska ta kwashe ƙasar, mu a bar mu da yashi.

Ban ce a ƙi riɗi ba, wallahi ni ma ina son tahaniya, alewar riɗi. A shuka shi a tsakanin itatuwan, gefen da ya gaji a bar shi ya huta a ƙarƙashin dakwara.

Kawu, bakinka ne ya kawo maganar sara, hancinka kuma ya ƙi ta. In an zo ɗaga hannu, ina roƙon ka bi hancin.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya ƙasarmu, ya huci zuciyar Kawu kafin in sauka daga nan. Na gode.