Faƙo Ma Yunwa Yake Ji

Mai girma Naba, uban wannan gari; shugaban taro; malaman gona da suka taso tun daga Wahiguya; iyayenmu mata masu dakon taki a ka; jama'a manya da ƙanana, ni Nobila ina gaishe ku, ina kuma gode muku da kuka ba tsoho fili.

Da farko ku taya ni murna. Bara war haka ɗana Rasmane ya ɗaure kaya, zai kwashe matarsa da jikokina huɗu zuwa gonakin koko a kudu. Ya ce, "Baba, faƙon nan ko kaza ta daina tona shi. Me zan ba yara, tsakuwa?" Na ce, "Ba ni damina ɗaya. In ba ta yi ba, ni zan raka ka tasha."

Na biyu, ku ji wautata. Da rani muka haƙa ramukan zayi, ƙananan ramukan shukan nan masu tare ruwa, kowane rami muka zuba masa taki tafi biyu. Da na ga gara ta shiga tana ci, sai na bi ramukan da garwashi. Matata Poko ta riske ni, ta ce, "Tsoho, da furfura ka je makaranta, hankalin a can ka baro shi? Ma'aikatan da ba sa neman tuwo kake ƙonawa!" Gaskiyarta. Gara ce ke shigar da taki ƙasa, ita ke huda wa ruwa hanya. Layi shida da na ƙona, dawarsu ta fito a tsumbure, sauran kuwa kore shar.

Na uku, a ajin manya aka koya mini cewa shuka ma abincinta iri-iri ne: wani na ganye, wani na saiwa da zangarniya, wani na ƙarfin kara. Shekara arba'in muna ɗiba ba ma mayarwa. Mun ƙone kara, mun bar kashin awaki iska na kwashewa, sannan muka ce ƙasa ta mutu. Ba ta mutu ba, yunwa take ji, kuma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Bana rumbunmu ya cika har wuya. Shekaranjiya Rasmane ya leƙo ɗakina, ya ce, "Baba, ina ka ɓoye digar nan? Sauran faƙon ba zai haƙa kansa ba."

Jama'a, kada mu ƙone kara bana. Mu tara taki, mu haƙa, mu haƙa har sai ɗan da ya tafi ya ji labari ya dawo.

Allah Ya ba mu ƙarfin baya, Ya kawo ruwa a kan kari, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Na gode.